Na Je Kumasi Neman Sujada

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A zaure tambaya, a bakin masallaci tambaya, har wajen ɗaurin aure sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, wai da gaske ne wani Bature ya hau bayanka ya tattaka?" To, ba Bature ba ne, kuma ba wanda ya taka ni. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne limamin wani ɗan masallacin unguwa a Shahuci. Na gaji limancin daga mahaifina, shi ma daga nasa mahaifin. Sana'ata rubutun Alƙur'ani da hannu, kuma na haura shekara talatin ina yin ta a zaune kan buzu, ƙafa ɗaya a naɗe, takarda a kan gwiwa, kai a sunkuye. Ciwon baya ya fara mini kamar da wasa, ina raina shi yana ƙara girma, har ranar da na yi ruku'u a sallar Azahar na kasa ɗagowa. Mutum biyu suka janye ni gefe, na'ibina Malam Sule ya shiga ya ƙarasa wa jama'a salla. Daga ranar na koma kan kujerar roba a ƙarshen sahu ina salla da nuni. Aka kai wata goma sha huɗu goshina bai taɓa ƙasa ba.

Hukuncin kuwa ba sai an gaya mini ba, ni nake karantar da shi: wanda ba ya iya ruku'u da sujada ba ya jan masu iyawa. Don haka ban yi mamaki ba da Baba Inuwa, dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarmu, ya same ni a zaure wata ranar bayan La'asar.

"Malam, ba korarka muke ba, Allah Ya sani," in ji shi. "Amma saura wata uku azumi, jama'a na so su san limaminsu. In Allah Ya ba ka lafiya kafin a ga wata, wurinka na nan. In kuwa ba haka ba, sai a tabbatar wa Malam Sule, kowa ya huta."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Gaskiyar ce kuwa, amma ranar ko loma ɗaya ban iya haɗiya ba. Abin da kakana ya riƙe, mahaifina ya riƙe, a ce a hannuna zai suɓuce, wannan ya fi mini ciwon bayan zafi.

Ba irin maganin da ban gwada ba. Na sha ƙwayoyin asibiti, wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya zama kamar rariya, an shafa mini mai iri-iri, na sha rubutun wasu, na sha nawa. Sai ga Alhaji Munzali, abokina tun muna yara, ɗan gidan Larabawan cikin birni ne da kakanninsu suka zo fatauci daga hamada suka zauna. Shi fataucin goro yake yi zuwa Kumasi, kuma Allah Ya yi shi da surutu. Ya ce akwai wani likita a can da ke gyara ƙashin baya da hannu, ba wuƙa ba allura.

Na ce, "Maɗori ke nan. Ai muna da su a Ƙofar Ruwa."

Ya ce, "Maɗori ne, amma mai takardar shaida a bango. Liman, tashi mu tafi, ka zauna nan kana ruɓewa kamar goron da ba a yayyafa wa ruwa ba."

Shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki ce, kowa bakinsa ya buɗe. A doguwar motar da ta ɗauke mu zuwa Legas, tun kafin mu kai Zariya fasinjoji sun naɗa ministoci sun sauke su sau uku. Munzali ya kama mini kujera biyu don in kishingiɗa, shi kuma ya shiga gardamar tsamo-tsamo, alhali ko ƙuri'a bai jefa ba. Da muka zo wani shinge aka ce kowa ya sauko, wata 'yar kasuwa mai ƙiba ta leƙa taga ta ce, "Ba mai saukowa, yanzu mulkin farar hula ne!" Muka zuba ido muna jiran abin da zai biyo baya. Sai mai shingen ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Motar ta kaure da tafi, ni kuwa kowane rami muka faɗa sai na kira sunan Allah.

Mun kwana biyu a Agege wajen wani mai masauki Bakatsine don in huta, sannan muka kama hanyar kan iyaka. Can ne guzurin mai ɗakina, Hajiya Binta, ya kusa ja mini magana. Ashe ta cusa mini ƙulle-ƙullen magani a jaka, sassaƙe da saiwoyi da garin hulba da wasu da ni kaina ban san sunansu ba. Wani jami'i mai jin Faransanci ya kwance ƙulli ɗaya ya shinshina, ya yi atishawa sau huɗu a jere, ya hau faɗa. Aka samo wata mai sayar da burodi da ke jin Hausa ta yi mana tafinta.

"Ya ce wai kai boka ne?"

"Gaya masa ni ne marar lafiyar. Duk na ciwon baya ne."

Da ta faɗa masa sai fuskarsa ta sauya. Ya dafa ƙugunsa, ya yi magana a hankali. Matar ta ce, "Wai shi ma bayansa na damunsa, ko za ka sam masa?" Na tattara ƙullin nan gaba ɗaya na ba shi, na ce ta gaya masa tsakani da Allah ni dai na sha irinsa bai yi mini aiki ba. Ban sani ba ko ta fassara wannan, don mutumin har bakin mota ya rako mu yana godiya.

Kwatano da Lome ban gan su sosai ba, a kwance na ratsa su. Abin da na riƙe kawai babura kamar fari, da dogon burodi kamar sanda, da teku da na hango karo na farko a rayuwata, na ga ruwa ne dai mai yawa. Amma iyakar shiga Gana ba zan manta da ita ba, domin a ƙasa ake tsallaka ta. Na rataya a kafaɗar Munzali ina jan ƙafa, ina nishi, sai wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba ta zo ta wuce mu da ƙaton daro na kifi a ka, bayanta a miƙe sak. Ta waiwayo ta dube ni, ta girgiza kai da kayan a bisa, ta yi gaba. Wallahi na ji kunya.

A Kumasi muka sauka a Zango, gidan wata Hajiya Adiza mai ba fatake ɗaki. Hausa take yi, amma irin tasu ta can, sai ka kasa kunne. Munzali ya gabatar da ni da ƙasaita, ya ce wannan babban limami ne daga birnin Kano. Na gyara tsayuwa ina jiran a durƙusa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa. Na ɗaki na uku ma liman ne. Ga bokiti can, famfo na bayan gida." Rabon da in ɗebi ruwan wankana da kaina tun kafin in yi aure. Na cika rabin bokitin, na ja shi ina ƙunƙuni.

Abincinsu sai da na yi yaƙi da shi. Akwai wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, dokunu, ranar farko na ɗauka ya lalace ne, na tura shi gefe cikin ladabi, Hajiya Adiza ta ce haka ake son sa. Sakwararsu ba a taunawa, haɗiya ake yi, miyar kuwa ruwa-ruwa ce ga barkono kamar an yi faɗa da mai girkin. Abin da ya cece ni koko da ƙosai da safe, da wake da shinkafarsu mai ja. Ranar Asabar kuma na tafka abin kunya. Na ji kiɗa na tashi, na ga jama'a cikin jan zane da baƙi suna rawa, ana ta rabon lemo, na tsaya na ɗaga hannu na ce Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuriya ɗayyiba. Munzali ya ja ni da ƙarfi ya ce, "Liman, jana'iza ce!" Mu a Kano kafin gawa ta huce mun kai ta, su kuwa sai su ajiye ta su shirya mata biki. Kowa da yadda yake kukansa.

Likitan, Dakta Mensa, gajere ne mai furfura, ya girme ni, amma tafiyarsa kamar ta saurayi. A kan teburinsa akwai ƙashin bayan mutum na roba. Ranar farko ko taɓa ni bai yi ba, sai ya tura ni aka ɗauki hoton bayana. Da ya duba ya ce ba karaya, ba abin da ke bukatar wuƙa, in da akwai da asibiti zai mai da ni. Sannan ya zauna ya hau yi mini tambayoyi, Munzali na fassarawa. Awa nawa nake barci? Ruwa fa, kofi nawa? Me nake ci da dare? Me ke damuna a rai? Na ce da Munzali, "Tambaye shi, baya na kawo ko aurena zai yi?"

Ya sa na zauna a ƙasa na nuna masa yadda nake rubutu. Ya zagaya ni sau biyu yana taɓe baki. Sai ya ce, "Daga gidanka zuwa masallaci tafiyar minti nawa ce?"

Na ce, "Taku goma sha biyu. Jikin zaurena yake."

"Kasuwa fa?"

"Liman ba ya zuwa cefane."

"In za ka unguwa?"

"Ba a barina in taka. Ko na fito sai wani ya tsaya da mota ko babur."

"Wa ke ɗaukar maka jaka?"

"Duk wanda ya riga kai hannu. Har takalmina juya mini ake yi."

Na faɗi wannan da ɗan alfahari, ban ɓoye muku ba. Shi kuwa sai ya tuntsire da dariya, ya daɗe yana yi, sannan ya ce, "Malam, mutanenka sun girmama ka har bayanka ya manta aikinsa." Raina ya ɓaci, domin ba a saba yi mini dariya ba. Amma duk hanyar komawa masauki ina juya maganar, na rasa inda zan kama ta da ƙarya.

Kashegari aka yi abin da kuke ta tambaya. Ya kwantar da ni a gefe ɗaya kan wani siririn gado, ya naɗe mini ƙafa, ya ce in ja numfashi in saki. Ina saki ya danna. Na ji ƙas! ƙas! a cikin bayana kamar an karya kara. Na ƙwalla salati da ƙarfi, Munzali da ya kawo ni ya yi waje da gudu ya bar takalmi ɗaya. Na lallaɓa yatsun ƙafata na ga suna motsi, sannan hankalina ya dawo. Zafi dai babu, tsoro ne kawai.

Kada wani ya ce muku na tashi a take na miƙe. Washegari jikina kamar an yi mini duka, na ce da Munzali mu koma gida. Dakta Mensa ya ce, "Hannuna kaɗan zai yi maka. Sauran aikin a ƙafarka yake, da cikinka, da zuciyarka." Ya ɗora mini dokoki. Tafiya kowace safiya, a ƙara tsawonta a hankali. Ruwa da yawa. A rage tuwon dare da shayi mai sukari. In zan yi rubutu in ɗora takarda a kan ɗan tebur, kuma duk shafi ɗaya in miƙe in zagaya. Ya koya mini motsa jiki, ciki har da wanda zan durƙusa da hannu da gwiwa in riƙa banƙaro baya ina lanƙwasawa kamar kyanwa ta tashi daga barci. Wannan sai na kulle ƙofa nake yin sa. Ya kuma hana ni wata kalma da ta kama bakina, wato "na gama yawo". Ya ce duk ranar da na faɗe ta jikina na ji, kuma yana yarda.

A mako na uku na karaya. Sauƙin ya tsaya wuri ɗaya, kwanaki na tafiya, na kwanta na ƙi fita. Hajiya Adiza ta buga ƙofa, ta miƙo mini kwando ta ce, "Liman, tunda likita ya ce ka yi tafiya, tafi kasuwa ka sayo mini tumatir da albasa. Kar ka bari su cuce ka." Na buɗe baki zan gaya mata ko ni wane ne, na ga ta riga ta juya. Na ɗauki kwandon na fita a fusace.

Wannan cefanen shi ya juya mini tafiyar. Na ratsa kasuwar nan ba wanda ya san ni, ba mai durƙusawa, ba mai karɓe mini kaya. Aka bangaje ni, na bangaji wani. Na yi ciniki da wata mai tumatir da hannu da ido, ta cuce ni, na dawo ina gumi ina dariya ni kaɗai. Sai da na ajiye kwandon na tuna ban tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Daga ranar ni ne ɗan aiken gidan, kuma da murnata.

A mako na biyar na yi ruku'u. A na shida goshina ya kai ƙasa a cikin ɗaki, amma tashi sai na dafa bango. Ranar sallama Dakta Mensa ya riƙe hannuna ya ce, "Nan ba wuya, ba wanda ya san ka. Gida ne wurin yaƙin. In ka koma zaure suka ci gaba da ɗauke maka komai, wata ɗaya ka koma kujera."

Bai yi ƙarya ba. Mun iso Kano saura mako biyar azumi. Washegari da hantsi na saka takalmi na fito na nufi Goron Dutse a ƙasa. Ban yi nisa ba wani mai Vespa ya ci burki. "Subhanallahi! Malam, a ƙasa? Hau in kai ka." Na ce na gode. Gaba kaɗan wani mai mota, bayansa wani mai keke har da sauka yana miƙo mini. Ranar mutum tara na ƙirga. Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa, wasu na cewa talauci ne, wasu na cewa a Gana an taɓa mini kai. Da aka gan ni da ledar cefane kuwa, Baba Inuwa da kansa ya zo.

"Malam, wannan ba girmanka ba ne. Liman na yawo a rana kamar ɗan dako? Mu kake zubar wa da mutunci, sai a ce mun kasa da kai."

Na ce, "Baba, shekara talatin kuna ɗauke mini kaya, Allah Ya saka da alheri. Amma da alherin nan kuka zaunar da ni a kujera. Ku zaɓa, ko liman mai tafiya a ƙasa, ko liman mai salla a zaune."

Ya tashi ya yi tafiyarsa. Na san na ɓata masa rai, kuma abin ya dame ni, amma washegari na sake fita. Da farko a gindin dutsen nake juyowa. Daga baya na kai rabi. Ranar da na hau har ƙoli na tsaya ina haki, ga birni shimfiɗe a ƙasa, na yi kabbara ni kaɗai kamar mahaukacin da suke faɗa. Na dawo gida na yi raka'a huɗu ban dafa komai ba, Hajiya Binta na tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

Saura kwana uku a fara duban wata, da aka tayar da iƙamar La'asar, Malam Sule ya taka zai shiga gaba kamar kullum. Na taɓa kafaɗarsa. Ya waiwayo, ya dube ni, ya ja da baya, Allah Ya saka masa, har da murmushi. Na shiga na tsaya. Ina jin idanun mutane a bayana.

Na yi kabbara, na yi karatu, na yi ruku'u, na ɗago. Na ji wani a sahun farko ya saki ajiyar zuciya. Sannan na tafi sujada. Da goshina ya sauka a wurin nan, inda na mahaifina ya sauka, inda na kakana ya sauka, sai na ji ba na son ɗagowa. Na yi tasbihi, na ƙara, na ƙara, hawaye na jiƙa shimfiɗa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai na ji murya a baya ta ce, "Subhanallah." Wata muryar ta ƙara, "Subhanallah!" Na ji motsin Malam Sule yana shirin matsowa.

Sai na ce "Allahu Akbar" da muryar da na tabbata ta kai bakin titi, na ɗago zaune, na koma, na miƙe tsaye cak ban dafa ko gwiwa ba. Haka na kai su raka'a huɗu.

Da na yi sallama na juyo, Baba Inuwa na zaune a bayana.

"Malam, ka tsorata mu," in ji shi. "Mun ɗauka ka kasa tashi ne."

Na ce, "Baba, tashi ba ya ba ni wuya yanzu. Wata goma sha bakwai ina neman wurin nan, har Kumasi na je nemansa. Ai ba na iso ba kuma in juya da wuri."